Tsagar Gwangwanayen Inna

Shekarun baya, ina sabuwar malama a wata lakwal a Mayahi, akwai wata baƙar leda da ta daɗe a ƙarƙashin gadona tana shan ƙura. Cike take da kayan kwalliyar da suka zo cikin lefena. Dangin maigidana mutanen kirki ne, Allah ya saka masu, amma ina jin ranar da suka shiga kasuwar Maraɗi sun ɗauka 'yar wasan telebijin za su kawo gida. Jan baki kala-kala, hodar da in na shafa sai in fito kamar wadda ta dawo daga injin niƙa, man gashi mai ƙamshin da ke sa ni atishawa, sai kwalaben jan farce, har da kore shar da wani mai ƙyalƙyali. Ni kuwa lalle ne nawa tun ina yarinya. Jan farce ruwan alwala ba ya ratsa shi, in mace ta shafa da hantsi, kafin azahar sai ta zauna kankara, to ina amfanin wahalar? Na rabar da abin da ya rabu, sauran ba wanda ya so. In zuba a bola, ina tsoron yaran unguwa da awakin nan da ba abin da ba su taunawa. In ƙona, wari ya kori maƙwabta. Sai na tura ledar can ƙurya na ce sai wata rana.

A wannan shekarar ce idon mahaifiyata ya fara tafiya. Inna tana zaune a Tchaké, a gidan da aka kai ta amarya, inda ta haife mu, inda babanmu ya rasu. Ɗan baffanmu da iyalinshi suna ɗaya sashen, amma ita ke dama kununta, ita ke duba awakinta, kuma tana da 'yar gamanarta a bayan gari, wato gonar da mace ke noma wa kanta. Mun kai ta asibiti Maraɗi, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe sauran da maganin ɗigawa safe da yamma. Tana ganin haske, tana ganin giftawar mutum, amma fuska ta daina ganewa, balle ƙaramin abu. Duk da haka, in kuka gan ta tana kai da kawo a tsakar gidan nan ba za ku ce akwai abin da ke damunta ba. Ƙafafunta sun san inda turmi yake, sun san inda ƙasa ta ɗan yi tudu kafin a kai ga randa.

Mu biyu ne muka rayu cikin waɗanda ta haifa, ni da yayana. Yayana ma'aikaci ne a wani buro, wato ofis, a Tasawa, mutum mai tsari, rigarshi kullum a goge, dariyarshi sai da dalili. Shi ne ɗan fari, kuma Inna irin matan da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba. “Mutumin Tasawa” take ce mashi. Ko yana zaune gabanta a kan tabarma, ni za ta juyo ta ce wa a tambayi mutumin Tasawa ko ya kwana lafiya, shi kuma ya amsa yana kallon ƙasa. In ba ni nan, ta gaya wa bango. Hanya guda ce take nuna mashi so da ita, kunun tsamiya. Duk zuwan da zai yi, kafin ya gama cire takalmi ta ɗora ruwa, ta zuba mashi sukari har abin ya so ya yi yawa. Ita ba ta shan sukari. Dominshi take aje shi cikin wani gwangwanin madara a gindin gadonta, jere da sauran gwangwanayenta na gishiri da kanwa da su barkono.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, ɗan baffanmu ya samo takin zamani, farin nan mai ƙananan ƙwayoyi da ake ce wa ure, ya ɗibar wa Inna na gamanarta. Bai sami abin zubawa ba sai wani gwangwanin madara da ba komi ciki. Ya cika, ya rufe, ya aje mata a ɗaki, ya tafi gona bai gaya mata ba. Da kyakkyawar niyya ya yi, bawan Allah. Wanda ya san ure ya san in yana cikin cokali, ko mai ido biyu sai ya duba da kyau kafin ya ce ba sukari ba ne. Ba a daɗe ba yayana ya zo gaisuwa. Inna ta dama kunu, ta shiga ɗaki ta lalubo gwangwani, ta ɗebo da cokali ta zuba mashi yadda ta saba, ba rowa. Ya kurɓa, ya zabura ya ruga bakin zaure ya tofar.

Ba ni nan aka yi. Shi ya kira ni a waya, sauran kuma maƙwabciyar Inna ta cika mani daga baya. Ta ce Inna ta miƙa hannu. Ta karɓi kofin, ta taɓa da bakin harshe, ta zagaya bayan ɗaki ta zubar, ta shige. Tun ranar ba ta sake ɗora ruwa ba, ba ta sake taɓa gwangwani ba. Sai abin da aka miƙo mata daga ɗaya sashen, in an kawo ta ci, in an manta ta yi shiru.

Yayana ya yanke magana: Inna za ta koma Tasawa. Ya ce yau taki ne, Allah ya taƙaita, gobe fa in maganin ɓera ne, ko na ƙwarin wake? Har ya sa an gyara mata ɗaki a gidanshi, da siminti da fanka, ga famfo a tsakar gida. Ya ce da an gama noman farko zai zo da mota. Wallahi ban iya ce mashi bai da gaskiya ba. Amma na san uwata. Mun taɓa kai ta Tasawan ta yi 'yan kwanaki, ta zauna a bakin gado kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa, ko ban ɗaki sai an riƙe mata hannu. A gidanta tana da sauran gani a ƙafa da hannu. Ranar da aka fitar da ita daga gidan nan, ranar za ta makance gaba ɗaya, kuma na san baƙin cikin ba zai bar ta ta daɗe ba. Wannan tunanin ya hana ni sukuni.

Lokacin an ba mu bakans, wato babban hutun lakwal. Na ce wa yayana zan je in taya ta haɗa kaya, alhali ni kaina ban san abin da zan je yi ba. Ina shirya jaka na hango baƙar ledar nan, na ce bari in tafi da ita, ko 'yan matan ƙauye su so wani abu, abin da ya rage in sa a gina rami mai zurfi nesa da rijiya a binne. Motar kasuwa na shiga, irin wadda ake ɗora mutum kan buhu, a ɗora wani buhun kan jakarshi. Ga rana, ga rairayi, ga girgiza. Da na sauka na buɗe jaka sai wari ya buge ni. Ashe kwalba ɗaya ta fashe, mai ƙyalƙyalin, ta huda ledar ta tsiyaye kan gwangwanin ganyen shayi da na riƙo wa Inna tsaraba, ta daskare a jikinshi ta yi wani dogon layi mai tudu a karkace. Na ja tsaki, na yi wa direba Allah-ya-isa a zuci, na haɗa da dangin maigidana da ba su san ana yi ba, duk ina tsaye a tasha.

Na tarar da Inna ta zabge. Ta amsa gaisuwa, ta tambayi maigidana, ta laluba tsarabar ɗaya bayan ɗaya ta sa albarka, shi ke nan. Maganar Tasawa ba ta tayar ba, ni ma ban tayar ba.

Washegari da hantsi maƙwabciyar ta shigo. Wannan tsohuwa ƙawar Inna ce tun suna amare. Bagobira ce, da zubenta cike da kunci, layi-layi tun daga gefen baki har kunne. Ba su taɓa zama wuri ɗaya ba su tsokani juna ba, ita ta ce wa Inna Bakatsiniya mai rowa, Inna ta rama da wadda ta fi zafi. Ranar ta yi ta jan Inna da tsokana, Inna ba ta tanka ba. Can maƙwabciyar ta ce to ko shayi ba a ba baƙo a gidan nan? Na yunƙura zan ɗauko, sai na ga Inna ta miƙa hannu cikin tarkacen tsarabar da ke gefenta, ta wuce gwangwanin madara, ta wuce na tumatir, ta ɗauko na shayin ta miƙo mani.

Na ce, “Inna, ya aka yi kika gane shi?”

Ta ce, “Ai shi mai bille ne.”

Bille, ga 'yan yanzu da ba su sani ba, tsaga ce guda ɗaya da wanzami ke yi wa jariri a kunci, a karkace gefen hanci. Inna ta kamo yatsana ta ɗora kan busasshen jan farcen. Ta ce a zamaninsu ko da ido rufe ka shafa kuncin mutum ka san ɗan ina ne, ba sai an tambaye shi ba. Maƙwabciyar ta tuntsire da dariya, ta ce to mi ake jira, a kira wanzami ya bi sauran gwangwanayen ya yi masu tsaga, kowa ya san gidan ubanshi. Wasa take yi. Ni kuwa na yi tsaye da gwangwani a hannu kamar an dasa ni, sannan na ruga ɗaki na jawo ledar.

Haka na zama wanzamiya, jama'a, ni da dipulom ɗina. Muka kwaso gwangwanayen duka zuwa inuwar bedi, wato dogon yaro, saboda warin abin yana hawa kai in a ɗaki ne. Na farkon da na yi, na shafa siriri mai kyau irin na farce. Ya bushe, Inna ta shafa ta ce wannan wanzamin askarshi ba ta ci. Sai da muka gane a yi shafi a bari ya sha iska, a ƙara wani a kai, a barbaɗa rairayi mai laushi tun yana ɗanye, sannan a rufe da wani shafin. Rairayi kuwa a Tchaké ba sai an yi aike ba. Kwalaben da suka tsufa suka yi kauri, waɗanda ko mai son kwalliya ba za ta kalla ba, su suka fi yin aiki. Inna ce ta tuna mamu da murfi. Ta ce murfi yawo gare shi, a yi tsagar a jiki a kuma yi irinta a murfi, in ba su dace ba ta san an yi musaya. A waje kawai muke yi, nesa da inda abinci ke taɓawa.

Ita ke raba tsaga, ni ke riƙe da aska. Shayi ya riga ya zo da billenshi, aka bar mashi. Sukari ta ce a yi mashi 'yar baka, gajerun layukan nan na gefen baki. Gishiri fashin goshi, layi ɗaya a tsaye. Kanwa ɗigo-ɗigo. Kwalaben maganin ido, na safe ɗigo guda babba, na yamma zobe kewaye da wuya. Sai aka zo kan gwangwanin taki, wanda tun ranar nan ba wanda ya taɓa shi. Inna ta juya shi a hannu, ta sake juyawa, sannan ta ce wannan da duk abin da ba a kai wa baki, a yi masu zube irin na Gobirawa, layi-layi har ya zagaye, yadda ko da gwiwar hannu ta taɓa za ta san ta ja da baya. Maƙwabciyar ta dafe ƙirji ta ce wato su ne guba ke nan? Inna ta ce ita dai ba ta ce ba, amma tun da take ba ta taɓa jin an sa Bagobiri a kunu ya yi daɗi ba. Ranar na ji dariyar uwata karo na farko tun zuwana, har tana share hawaye da bakin zane. Takin dai, duk da zuben nashi, muka fitar da shi daga ɗakin aka kai zaure.

Da muka ga abin ya karɓu sai muka zazzage ledar duka. Jan baki maƙwabciyar ta kwashe. Ta ce damina ce, awakin gari duk suna hannun makiyayi, za ta riƙa shafa wa nata a ƙaho don a daina gardama da yamma in garke ya dawo. Kwalaben man shafawa muka wanke da toka da ruwan zafi, muka shanya, suka zama ma'ajiyar irin kuɓewa da na yakuwa, su ma kowa da tsagarshi. Ɗan burushin gashin ido ya share ƙurar da ta toshe ramukan rediyon Inna. Man gashi mai sa atishawa ya tausasa takalmanta na fata da suka bushe. Da na ga ya ragu sai karambani ya ɗebe ni, na nufi ƙyauren ɗakinta da ke kuka duk sanda aka tura, zan shafa inda ƙarfen ke gugar juna. Inna ta ji motsina ta ce in bar mata ƙyaurenta, kukan nan shi ke gaya mata an shigo. Na dawo da man a sanyaye. Hoda ce kaɗai ta gagare mu, har yau ban san abin da zan ce a yi da ita ba.

Kwanakin da suka biyo baya na koma aikina na malama. In hargitsa gwangwanayen, Inna ta laluba ta faɗi sunan kowane. Da farko takan haɗa gishiri da shayi, don duka layi ɗaya ne, wannan a tsaye wancan a karkace. Wata rana ta fusata ta ture su, ta ce ita ba 'yar lakwal ba ce da zan tasa ta gaba. Na ba ta haƙuri, na ƙara wa gishiri kauri, muka ci gaba. Ba a daɗe ba ta zo tana riga ni, ni mai ido ina neman launi, ita ta riga ta ɗauka. Maganin idonta ta koma ɗigawa da kanta. Amma kunu ta ƙi damawa. In na ce Inna a ɗora ruwa mana, sai ta ce ba ta jin sha.

Na kira yayana na ba shi labari da zumuɗi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, jan farce? Ya ce maganar rai ake yi ni ina wasan yara. Ya ce ranar da ya sa tana nan.

Ya zo da hantsi, da motar da ya ɗauko shata. Ya tarar ko tsinke ba a ɗaure ba. Ya durƙusa ya gaida Inna, ta ce a tambayi mutumin Tasawa ya hanya. Maƙwabciyar ta shigo ta sami wuri ta zauna, don ba za a yi wannan ba ita ba. Yayana bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mani sauƙi. A hankali ya yi magana, kanshi a ƙasa. Ya ce tun ranar nan hankalinshi bai kwanta ba. Ya ce in wani abu ya same ta yana can Tasawa zaune a buro, mi zai ce wa Allah, mi zai ce wa kanshi? Na kwaso gwangwanayen na jera mashi, ja da kore da shuɗi, ina ta bayani, ko sunkuyawa bai yi ya ga wane ne wane ba. Daga nan muka juye Faransanci, yadda muka saba in za mu yi gardamar da ba mu so Inna ta ji. Ni da zafin kai, nan da nan murya ta fara hawa. Inna ta ce mu yi da Hausa, ido ne ya tafi, kunne yana nan.

Sai ta ce in mayar da gwangwanayen ɗaki in hargitsa su yadda na saba, in zo in hura mata wuta. Na yi. Ta jiƙa tsamiya, ta dama gasara, ruwa ya tafasa ta sheƙa, duk muna zaune. Ta tashi ta shiga ɗaki ita kaɗai, muna jin ƙarar gwangwanaye. Ta fito da ɗaya a hannu, gwangwanin madara irin na ranar nan sak. Ta buɗe ta zuba cokali, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Na buɗe baki zan gaya wa yayana ai takin ma ba ya ɗakin, maƙwabciyar ta kai mani mintsini a cinya. Na haɗiye maganata.

Inna ta miƙa kofin wajen da ta ji muryarshi. Ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya dubi kunun. Na san bakinshi yana tuna mashi wancan ɗanɗanon, kuma na san ba ƙin uwarshi yake ba, jiki ne ya tsorata. In ya aje kofin nan bai sha ba, shi ke nan, ko ba a ce komi ba Inna da kanta za ta tashi ta shiga mota.

Sai Inna ta juya fuskarta sosai wajenshi, ta ce, “Ban ji ka haɗiye ba.”

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta ce mashi “ka” ba. Ya ɗaga kofin ya kafa kai. Kunun da zafinshi, na san ya ƙone mashi harshe, amma bai sauke ba sai da ya ga gindin kofi. Ya aje, ya share baki da bayan hannu, ya share ido da hannun riga. Kafin ya ɗago Inna ta riga ta juyo wajena, ta ce a tambayi mutumin Tasawa ko sukarin ya ji.

Ya ce, “Ya ji, Inna.”

Maƙwabciyar ta ce to ita fa, ko an ce Gobirawa ba su shan kunu?

Motar ta koma da shi kaɗai. Bai tafi haka nan ba, yayana ne fa, sai da ya kafa sharuɗɗa. Duk wani maganin ɓera da na ƙwari ya bar gidan gaba ɗaya. Matar ɗan baffanmu ta riƙa hura wa Inna wuta, ta tsaya har a sauke. Kuma kada wanda ya sake aje wa Inna wani abu a ɗaki bai sa mata a hannu ya faɗi ko mene ne ba. Duk muka amince, don gaskiya ya faɗa. Har ya kai bakin zaure ya dawo, ya ɗauki 'yar wayar Inna mai maɓallai ya daddanna, ya miƙo mani ya ce in ɗiga abin nan nawa a kan wannan maɓallin, in ta danna ta riƙe shi za ta kira. Na ɗiga mashi, na barbaɗa rairayi, yana tsaye yana jira ya bushe.

Shekaru sun shuɗe. Idon Inna ya ƙarasa tafiya, yanzu ko hasken da ƙyar take gani, amma tana nan ɗakinta, tana jin kukan awakinta, kuma duk wanda ya shiga gidan sai ya sha kunu ko yana so ko ba ya so. In na tuna wannan daminar godiya ce ke cika mani ciki. Ina gode wa Allah. Ina gode wa tsohuwar nan Bagobira, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, wasan bakinta ne ya bar uwata a gidanta. Dangin maigidana ma sai da na je na yi masu godiya ta musamman a kan lefe, bayan duk wannan lokaci, suka yi ta kallona sun rasa gane abin da ya same ni. Yayana kuwa ban taɓa gaya mashi ba, mu ba mu iya irin wannan maganar ba, amma tun ranar girmanshi ya ƙaru a idona.

Abin da na koya kuma shi ne, mu 'ya'ya in tsoro ya kama mu, sai mu yi ta karɓe abubuwa daga hannun iyayenmu muna cewa hutu muke ba su. Wani lokacin abin da suke buƙata kaɗan ne, a gyara masu yadda hannun zai ci gaba da aikinshi. Ku kuma masu irin wannan leda a ƙarƙashin gado, na san kuna da yawa, kada ku ba wata abin da ya lalace ta shafa a fata, kada ku watsa a bola awaki su tauna. Ku duba unguwarku tukuna, ba a rasa tsoho ko tsohuwar da ke laluben kwalbar magani.

Tsagar tana ɓarewa da yawan shafa, bayan kowace damina sai na je na sabunta. Kwalabena sun ƙare tuntuni. Yanzu daga Tasawa ake kawo mani, don yayana ke bin matan buronsu ɗaya bayan ɗaya, da fuskar nan tashi ba wasa, yana tambaya ko akwai mai tsohon jan farcen da ba ta so. Kwanan baya ya kira ni ina tsakiyar aji, na fita da sauri na ɗauka ko wani abu ne ya faru.

Ya ce, “Wata ta kawo, amma ya yi kauri, burushin ma da ƙyar yake fita. In karɓa?”

Na ce, “Karɓo, Yaya. Shi ne mai kyaun.”